DaVinci Resolve wajen haɗa sunayen buɗe fim: inda ya yi zarra da inda yake wahalarwa

Mai tace hoto da ke son rubuta sunayen farkon fim ba tare da ya bar manhajar da yake tace fim ɗin a ciki ba, da wuya ya samu abin da ya kai DaVinci Resolve. Sai dai akwai sharaɗi biyu: kwamfuta mai ƙarfi, da haƙurin koyon sashen siddabarun hoto da motsa rubutu da ake kira Fusion. Wanda ya rasa na farko zai yi ta kallon hoto yana tsinkewa. Wanda ya rasa na biyu zai tsaya a kan farin rubutu bisa baƙin allo, wanda ba laifi ba ne, amma kowace manhaja tana iya yin sa.

Manhajar ta kamfanin Blackmagic Design ce na ƙasar Ostareliya. Asali ta gyaran launi ce. Kamfanin ya sayi da Vinci Systems a 2009, ya sayi eyeon, masu Fusion, a 2014, sannan a 2018 ya shigar da Fusion cikin Resolve 15. Wannan tarihin ne ya sa kayan rubutun da ke ciki ba su yi kama da juna ba. A shafin Edit, ƙarƙashin Titles, za ka ga Text da kuma Text+, kuma ba gida ɗaya suka fito ba. Text mara nauyi ne, yana gudu a kan kowace kwamfuta, kuma ya isa idan abin da kake so suna ne ya bayyana ya ɓace. Text+ ɗan Fusion ne da aka leƙo da shi shafin Edit: ya fi nauyi, ya fi iko, kuma da shi ake yin duk wani aiki da ya wuce na yau da kullum. A kansa wannan sharhi zai fi tsayawa.

Kafin a rubuta harafi ko ɗaya, akwai saitin da idan aka yi kuskurensa gyara yana da ciwo. Adadin firem a daƙiƙa, wato yawan hotunan da ke wucewa cikin kowace daƙiƙa, yana kullewa da zarar an fara ɗora hotuna a taimlayin, layin da ake jera hoto da sauti, don haka a zaɓi 24, 25 ko 30 tun farko, daidai da yadda aka ɗauki fim ɗin. Sunayen da aka motsa a 30 aka kai su fim mai 24 za su riƙa tuntuɓe, domin manhajar tana zubar da firem ɗaya cikin kowane biyar, kuma a kan rubutu mai tafiya ido yana kama wannan nan take. Na biyu shi ne siffar allo. Idan fim ɗin 2.39:1 ne a cikin 1920x1080, tsayin hoton gaske bai wuce fiksel 803 ba, saura kuwa baƙaƙen shinge ne sama da ƙasa, kowanne wajen fiksel 138. Resolve yana da Output Blanking a ƙarƙashin Timeline wanda ke sa shingen. A kunna shi kafin a ajiye suna, ba bayan an gama ba, in ba haka ba sunan da aka ajiye can ƙasa sai a tarar an yanke masa rabi. Sai iyakar aminci: ƙa'idar yanzu ita ce rubutu ya zauna cikin kashi 90 na allo, wato a bar fiksel 96 dama da hagu, 54 sama da ƙasa. Ana kunna layukan jagora a Safe Area ƙarƙashin View. Ba sa fita a fim, don idonka kawai aka yi su.

Babban dalilin da ya sa Resolve ya fi a wannan aikin shi ne lokaci. Sunayen buɗe fim da kiɗa suke tafiya, kuma a nan kiɗan, hoton da rubutun duk suna gabanka a taimlayin ɗaya. Ka saki kiɗan, ka riƙa danna M a kan kowane bugu, alamomi su jeru, sannan ka jawo kowane suna ya manne da alamarsa. Lissafin ma mai sauƙi ne: kiɗa mai bugu 120 a minti, a fim mai firem 24, bugu ɗaya firem 12 ne, bugu huɗu daƙiƙa biyu cif. Mai bugu 90 kuwa firem 16 ne. Wanda ke aiki da wata manhaja daban dole ya fitar da faifai, ya shigo da shi, darakta ya ce a matsa sunan jaruma da rabin daƙiƙa, a sake komawa. A nan jawowa kawai za ka yi.

Tsawon zaman suna a allo: a karanta shi da baki sau biyu ba tare da gaggawa ba, wannan shi ne mafi ƙarancinsa. Ga suna ɗaya da muƙaminsa, firem 72 a tsaye, firem 12 na fitowa, 12 na dushewa, ya wadatar. Idan aka ƙara firem 12 na hutu tsakanin suna da suna, kowane kati, wato suna da muƙaminsa, ya ci daƙiƙa huɗu da rabi, kati goma sha biyu sun ci daƙiƙa 54. Yana da kyau a yi wannan lissafin kafin a karɓi jerin sunaye daga furodusa, domin mutum talatin a farkon fim ya haura minti biyu, kuma mai kallo a waya ba zai jira ba. Tsarin da aka fi bi a duniya shi ne kamfani, manyan jarumai, sunan fim, sauran 'yan wasa, sannan ma'aikata irin su mai kiɗa, mai sutura, mai tace hoto da mai ɗaukar hoto, sai furodusa, marubuci, darakta ya zo ƙarshe. Saura su jira ƙarshen fim.

Text+ kansa yana da abin da ke rikita sabon shiga. Girman rubutu ba a lissafa shi da lambobin da aka saba gani a Word. Ɗan ƙaramin adadi ne da ake aunawa da faɗin allo, matsayi kuma daga 0 zuwa 1 yake, tsakiyar allo ita ce 0.5 da 0.5. Da farko abin haushi ne, daga baya sai ka gode: idan aka ɗaga aikin daga 1080 zuwa 4K, rubutun yana nan inda yake da girmansa, kuma gefensa ba ya dushewa. A ɓangaren Shading akwai gurabe takwas, kowanne yana iya zama cikon harafi, zagayen gefe, inuwa ko akwatin baya. Na uku inuwa ce da aka riga aka saita. Kada a bar ta yadda ta zo, ta yi kauri. A rage duhunta zuwa wajen rabi, a ƙara laushi, a matso da ita dab da harafin har sai ba a ganinta a matsayin inuwa, sai dai a ga rubutun ya rabu da hoton. Zagayen gefe mai kauri kuwa, musamman baƙi a kan rawaya, yana maida sunan fim tamkar tallan rangwame.

Abin da ya fi burgewa shi ne Follower, wanda ke sa haruffa su fito ɗaya bayan ɗaya. A shafin Fusion ana danna dama a cikin akwatin da ake rubutu, a zaɓi Follower, sai wani shafi mai suna Modifiers ya buɗe. A can, ba a shafin farko mai suna Tools ba, ake sa kifirem, wato alamar farawa da ta ƙarewar motsi: a firem na farko Opacity, wato yawan bayyanar harafin, ya zama 0, a firem na goma ya zama 1. Sannan a Timing a sa Delay, wato jinkiri tsakanin harafi da harafi, ya zama 1 ko 2. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sa kifirem a shafin Tools, sai haruffan su fito gaba ɗaya, mutum ya ɗauka manhajar ce ta lalace. Kuskure na biyu na lissafi ne. Suna mai harafi 20 da jinkirin firem 2 yana buƙatar wajen firem 40 kafin harafin ƙarshe ya fara fitowa, kusan daƙiƙa biyu ke nan. Lokacin karatu daga nan yake farawa, ba daga farkon katin ba. Dogon suna a ba shi jinkiri 1, gajere 2, su gama kusan lokaci guda.

Motsin da aka bari yadda ya zo yana tashi da gudu ɗaya ya tsaya cak, kuma wannan ne ke tona asirin aikin koyo. A buɗe Spline a shafin Fusion, a zaɓi alamomin, a danna F, motsin ya tashi a hankali ya sauka a hankali. Idan rubutun yana tafiya da sauri a kunna Motion Blur a Settings, a bar kusurwar a 180, wadda ta yi daidai da yadda kyamarar fim ke ɗauka. Akwai matsala guda a nan: idan ka ja katin ya ƙara tsawo, kifirem ɗin ba sa binsa, dushewar ƙarshe sai ta faru a tsakiya. Maganinta Anim Curves, wanda ya shigo a Resolve 17, ko kuma Keyframe Stretcher. Duk biyun suna aiki, amma babu wanda mutum zai gano da kansa ba tare da an nuna masa ba. Wannan halin manhajar ne gaba ɗaya: kayan suna nan, hanyar zuwa wurinsu ce a ɓoye.

Ga mai rubuta sunayen Hausa akwai tarkon salon haruffa. Yawancin kyawawan salon da ake saukowa da su daga intanet ba su da ɓ, ɗ da ƙ, balle manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, ko ƴ da wasu ke amfani da ita. Abin da zai faru ɗaya ne cikin biyu: ko gurbin harafin ya zama fanko ko akwati, ko a aro shi daga wani salon, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. A ƙaramin allon tacewa ba lallai a lura ba, a babban allo kuwa kowa zai gani. Gwajin minti ɗaya ne: kafin a zaɓi salo, a rubuta Ɗanladi, Ƙasimu da Ɓaidu da ƙananan haruffa da manya, a duba kowane kauri da za a yi amfani da shi, domin wani salon yana da su a siriri amma babu a mai kauri. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su, haka Charis, Andika da Gentium na SIL, kuma lasisinsu ya yarda a yi aikin kasuwanci da su. Lasisin nan ba abin wasa ba ne: da yawa daga salon da ake samu kyauta don amfanin kai kawai aka yarda, ba don fim da za a sayar ba. Resolve ba ya ganin sabon salo sai an rufe shi an sake buɗewa. Kuma ba ya ɗaukar salon a cikin fayil ɗin aikin, don haka duk wanda zai kai aiki wata kwamfuta ya tafi da fayilolin haruffan a babban fayil ɗaya, in ba haka ba Text+ zai yi ƙorafin bai ga salon ba, duk tsarin ya watse.

Salo biyu sun isa fim ɗaya, ɗaya ma ya fi. A bambanta muƙami da suna ta girma: muƙamin ya zama wajen rabin sunan. Manyan haruffa zalla suna son a ɗan buɗa tsakaninsu da Tracking.

Shafin Fusion shi ne inda mutane ke gudu. Babu jerin shimfiɗu ɗaya bisa ɗaya kamar a After Effects, sai ƙananan akwatuna da ake kira nod, ana haɗa su da layi. Hoto yana shigowa ta MediaIn, yana fita ta MediaOut, duk abin da za a ɗora sai ya bi ta Merge. Merge yana da ƙofa uku: rawaya ta hoton baya, koriya ta abin da ke gaba, shuɗiya ta abin rufewa. Idan rubutu ya ɓace, sau da yawa an juya ƙofofin ne, Ctrl da T suna musanya su. Girman hoton da zai fita kuma daga ƙofar rawaya yake ɗauka. Wanda ya riƙe waɗannan ya riƙe rabin Fusion. Shift da Space suna buɗe wurin neman kowane nod da suna.

Da wannan ake yin abubuwan da ke sa sunayen buɗewa su zama ɓangaren fim. Don suna ya manne a bango ko a kan titi yayin da kyamara ke tafiya, ana amfani da Planar Tracker: a zana fili a kan shimfiɗaɗɗen wuri mai zane ko tabo, a bar shi ya bi sawu, a fitar da Planar Transform, a sa shi tsakanin rubutun da Merge. Yana aiki da kyau ƙwarai, amma yana sulɓewa a kan farin bango mara tabo, a kan gilashi ko ruwa, da kuma lokacin da mutum ya gifta ta cikin filin. Don jarumi ya wuce ta gaban sunan, dole a zana Polygon a kewaye shi a bi shi firem bayan firem. Daƙiƙa huɗu firem 96 ne. Ba a zana kowanne, a sa alama duk bayan firem takwas ko goma, sannan a koma a gyara tsakani. Aiki ne mai cin rai, kuma a nan ne bambancin Resolve na kyauta da na saye, mai suna Studio, yake fitowa fili, domin Magic Mask, wanda ke ware mutum da kansa, na Studio ne kawai. Haka Camera Tracker mai bin motsin kyamara a zurfi.

Wani tarkon da ba a cika faɗa ba: idan ka shiga Fusion kai tsaye a kan hoton da aka ɗauka, aikin yana bin girman asalin hoton ne, ba na taimlayin ba. Hoton 4K a taimlayin 1080 da aka matso ko aka yanke a shafin Edit, rubutun ma zai matso tare da shi. Idan aka fara maida shi Fusion Clip, sai ya ɗauki girman taimlayin. A yanke shawara tun farko a bi hanya ɗaya a dukkan katunan, don kada wani suna ya fi wani girma ba dalili.

Launi ma yana da nasa. Duk gyaran da aka yi a matakin taimlayin a shafin Color yana hawa kan komai har da rubutu, haka Adjustment Clip yana taɓa duk abin da ke ƙarƙashinsa. Farin suna sai ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi. A ɗora sunaye a layin da ke saman komai don su tsira daga Adjustment Clip, amma wannan ba ya kare su daga gyaran matakin taimlayin. Fari ƙal kuma ba lallai ba ne: a kan duhun hoto yana soka ido, fari mai ɗan sauƙi ya fi zama. A aikin HDR abin ya fi tsanani, ma'aunin da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawara ga farin rubutu shi ne nit 203 (nit ma'aunin hasken allo ne), ba ƙololuwar hasken allon ba. Ja mai tsananin kauri a kan baƙi a guje shi idan haruffan sirara ne. Faifan H.264 da ake kallo a intanet yana ajiye launi a rabin ƙudurin haske ta tsaye da ta kwance, don haka gefen jan harafi yana fitowa da tsage-tsage. Wanda ke son walƙiya a sunan fim kuma ya tuna ƙa'idar tashoshin talabijin: kada ta wuce sau uku a daƙiƙa, saboda masu farfaɗiya.

Inda Resolve ya fi ba da haushi shi ne nauyi. Kamfanin da kansa yana cewa a Windows ana buƙatar RAM gigabait 16, ko 32 idan za a yi Fusion, kuma gaskiya ya faɗa. Katin girafik mai ƙasa da gigabait 4 zai riƙa kawo saƙon cikewar ma'ajiya a aikin 4K. Text+ guda ɗaya mai Glow da Motion Blur yana iya sa taimlayin ya daina gudu daidai, kuma ba a iya auna lokaci da hoton da ke tsalle. A sa Render Cache a Smart ƙarƙashin Playback, a jira jan layin da ke saman katin ya koma shuɗi, sannan a kalla. Ana iya sauke taimlayin zuwa 1080 yayin aiki a mayar 4K lokacin fitarwa, tunda rubutun ba ya lalacewa. Rubutu mai zurfi da Text 3D yana nan, yana aiki, amma haske da kyamara da Renderer 3D sai an haɗa su da hannu, kuma sakamakon ba ya kai wahalar sai ga wanda ya ƙware.

Idan aka gwada da After Effects, gaskiya ita ce ya fi Resolve a zanen motsi zalla: siffofi masu rawa, haruffa masu rikiɗa, da tarin samfuran da aka riga aka haɗa. Wanda sunayen fim ɗinsa zane ne daga farko har ƙarshe zai fi sauri a can, sai dai biyan kuɗinsa ba ya ƙarewa, na wata-wata ne ko shekara-shekara. Samfuran da suka zo cikin Resolve kuwa yawancinsu sun fi dacewa da bidiyon YouTube da labarai, kaɗan ne za a sa a fim ba a ji kunya ba. Gara mutum ya gina kati ɗaya mai kyau, ya ajiye shi a Power Bin, ma'ajiyar da ake gani a kowane aiki, ya riƙa kwafa yana canja suna. CapCut da irinsa sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ba su ba da wannan iko a kan tazarar haruffa, launi da fitarwa. Na kyautar Resolve yana fitar da hoto har 3840x2160 a firem 60, ba tare da tambari ba, muddin ba a taɓa kayan Studio ba. Film Grain da Lens Flare na shafin Color suna cikin waɗanda ke sa tambari. Masu Linux su sani na kyauta ba ya buɗe H.264 a can.

Wajen fitarwa, matsalar da ta fi yawa ita ce layi-layi a cikin duhu, musamman inda haske ke dushewa a bayan suna. Faifan bit 8 mataki 256 kawai yake da shi a kowane launi, na bit 10 yana da 1024. Ɗan yashi-yashi kaɗan da nod ɗin Film Grain na cikin Fusion yana karya layukan, kuma yana sa rubutun ya zauna cikin hoton maimakon ya yi kamar an liƙa shi. Idan wani ne zai ɗora sunayen a wata manhaja, a fitar da su da bayansu a buɗe, da DNxHR 444 ko ProRes 4444, a kunna Export Alpha. Baƙin zobe a gefen haruffa alama ce ta saɓani a saitin Premultiplied tsakanin manhajojin biyu, a can ake gyarawa, ba a rubutun ba. A kuma fitar da kwafi ɗaya na wannan ɓangaren babu rubutu sam, domin masu rarraba fim a wasu ƙasashe suna nemansa don su sa sunaye da harshensu.

Jerin sunayen a karɓe shi a rubuce daga furodusa, a kwafa a liƙa, kada a sake bugawa da hannu. Bayan an gama a fitar da hoton kowane kati a tura ya sa hannu, domin manhajar ba ta san ko Abdullahi ne ko Abdullah ba. A kunna Live Save da Project Backups a Preferences, kuma kada a sabunta Resolve ana tsakiyar aiki: aikin da aka ɗaga zuwa sabon fitowa ba ya sake buɗuwa a tsohon.